Wata tara ya cika, naƙuda shiru: Abin da ke taimaka wa mai ciki da abin da ke jefa ta cikin haɗari

Da zarar ciki ya tsufa, mai juna biyu ba ta ƙara samun sakat da tambaya. Mahaifiyarta ta bugo waya daga gida, uwar miji ta aiko a duba ta, maƙwabta su leƙo da sunan gaisuwa, kowa dai abu guda yake son ji: har yanzu shiru? Idan kuwa ranar da aka rubuta mata a katin awo ta zo ta wuce, sai shawarwari su fara zubowa kamar ruwan Agusta. Wannan ta ce a ci dabino, waccan ta ce a yi ta hawa bene ana sauka, wata ta aiko da ƙullin sassaƙe daga ƙauye, wata kuma ta raɗa mata kwatancen kemis ɗin da ake yin allurar naƙuda.

Ita kuwa mai cikin ga nauyi, ga ciwon baya da rashin barci, ga fargabar kada a ce za a yi mata aiki. A irin wannan hali duk abin da aka miƙo mata karɓa za ta yi. A cikin waɗannan shawarwari akwai masu ɗan amfani, akwai waɗanda ba sa ƙara komai ba sa rage komai, akwai kuma waɗanda suka sha raba mata da jariransu, wani lokaci har da rayukansu. Saboda haka ya kamata kowane gida ya san yadda zai tantance su tun kafin ranar ta zo.

Kafin a ce ciki ya wuce lokaci

Tambayar farko da likita zai yi ita ce yadda aka yi lissafin. A asibiti da sati ake ƙirga ciki, ana farawa daga ranar farko ta jinin al'adar ƙarshe da mace ta gani. Daga wannan rana zuwa ranar da ake sa ran haihuwa kwana 280 ne, wato sati 40. Hanya mai sauƙi ita ce a ƙara kwana 7 a kan ranar, sannan a ƙirga wata 9 na kalandar Bature. Wadda al'adarta ta ƙarshe ta fara a ranar 10 ga Janairu, 17 ga Oktoba za a rubuta mata.

A gidajenmu kuwa da tsayuwar wata ake ƙirge, kuma a nan ake samun saɓani. Watan sama kwana 29 ne ko 30, don haka wata tara kan kama kimanin kwana 266, sati 38 ke nan. Matar da ta ga al'adarta ta ƙarshe a ranar 1 ga Muharram, watanninta tara za su cika ne a ƙarshen azumi, amma ranar da asibiti ke sa ran haihuwarta sai tsakiyar watan ƙaramar Sallah. Idan ta ce ta shiga wata na goma, gaskiya ta faɗa, kuma babu abin da ya wuce lokaci. Mata da dama sun sha magungunan tayar da naƙuda saboda wannan tazara ta sati biyu kawai.

Ita kanta ranar da ke kan kati hasashe ce. Matan da ke haihuwa daidai a ranar da aka rubuta musu ba su wuce 5 cikin 100 ba. Duk haihuwar da ta faɗo tsakanin sati 37 da sati 42 ana ɗaukar ta a matsayin wadda ta zo a kan lokaci. Abin da ya fi gyara lissafi shi ne hoton ciki da aka yi da wuri. Wanda aka ɗauka a watanni ukun farko kuskurensa ba ya wuce kwana 5 zuwa 7, amma wanda aka ɗauka bayan ciki ya tsufa zai iya kaucewa da sati uku. Don haka idan hoton da aka yi a wata na takwas ya ba da wata rana dabam, ba a jefar da ranar da hoton farko ya bayar.

Akwai kuma dalilin da ya sa ba a son gaggawa. Makonnin ƙarshe ne huhun jariri da ƙwaƙwalwarsa ke ƙarasa ƙwari, kuma a lokacin ne yake tara ƙibar da za ta riƙe masa ɗumi bayan ya fito. Tun a shekarar 2013 ƙungiyar likitocin mata ta Amurka ta ware sati 39 zuwa ƙarshen sati 40 a matsayin cikakken lokaci, saboda jariran da aka haifa a sati 37 da 38 sun fi fuskantar matsalar numfashi da wahalar kama nono da ciwon shawara. Duk wata dabara ta gida da za a ambata a nan, ba a maganar gwada ta kafin sati 39.

Yadda naƙuda ke tasowa

Bakin mahaifa a tsawon goyon ciki a rufe yake gam, mai tauri, da majina mai kauri a toshe. Idan lokaci ya matso, jikin uwa da na jariri da mabiyiya kan yi musayar sinadarai. Wani mai suna furostagilandin shi ke tausasa bakin mahaifar ya gajarta shi, kamar yadda ɗanyen mangwaro ke nuna a hankali. Wani kuma mai suna oksitosin, wanda ke fitowa daga ƙwaƙwalwar uwa, shi ke sa mahaifa ta riƙa murɗawa tana turo jariri, har bakin ya buɗe santimita 10.

Tausasawar ce ke fara zuwa, murɗawa ta biyo baya. Idan aka tilasta wa mahaifa murɗawa alhali bakinta bai nuna ba, tamkar ana dukan ƙofar da ke kulle ne, kuma kan jariri ne ake dukan da shi. Wannan ne ya sa yawancin dabarun gida ba sa aiki sai ga wadda dama jikinta ya riga ya shirya. Ita kuma idan ta haihu washegari sai a ce abin da ta ci ne ya yi aiki, labari ya bazu a unguwa.

Dabino

A duk abubuwan da ake ba mai ciki, dabino ne ya fi samun karɓuwa, kasancewar an ambace shi a Suratu Maryam a daidai wurin da ake ba da labarin naƙudar Nana Maryam. Masu bincike ma sun gwada shi. A wani nazari da aka buga a 2011 daga Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta ƙasar Jodan, mata 69 sun riƙa cin dabino 6 kullum a sati huɗun ƙarshe, aka kwatanta su da mata 45 da ba su ci ba. A cikin masu ci, kashi 96 cikin 100 naƙuda ta zo musu da kanta, a ɗaya ɓangaren kuwa kashi 79. Haka kuma masu cin dabinon sun isa ɗakin haihuwa bakin mahaifarsu ya fi buɗewa.

Sai dai matan da aka gwada ba su da yawa. Wani gwajin da aka yi a Malesiya, wanda ya fito a 2017, ya nuna dabino bai matso da ranar naƙuda ba, amma ya rage yawan matan da suka buƙaci a ƙara musu ruwan naƙuda bayan ta fara. Ke nan dabino abinci ne mai kyau da zai iya sauƙaƙa tafiyar, ba makunni ba ne da za a danna a haihu gobe. Wadda ke da ciwon suga, ko aka gano mata shi a wannan cikin, kada ta fara sai ta tambayi likitanta, domin zaƙin dabino yana da ƙarfi.

Tattaki da aikin gida

Tafiya a ƙasa na da amfani ga mai ciki tun daga farko har ƙarshe. Tana rage kumburin ƙafa da taurin bayan gida, tana kawo barci, kuma tana taimaka wa kan jariri ya sauka cikin ƙugu. Minti 30 da sanyin safiya ko bayan la'asar ya isa. Inda aka fi tabbatar da amfaninta shi ne bayan naƙuda ta riga ta fara. Ƙungiyar Cochrane, wadda ke tattara gwaje-gwajen likitanci daga ƙasashe tana auna su, ta gano a 2013 cewa matan da ke tsaye ko zagayawa ko durƙuso a matakin farko na naƙuda sun rage kimanin awa ɗaya da minti 22 a kan waɗanda suka kwanta.

Abin da ba shi da tushe shi ne wahalar da mai ciki da sunan buɗe hanya. Daka da ɗaukar jarkar ruwa da hawa bene sau ashirin, ko a ɗora ta a babur a bi hanya mai gargada, ba sa tausasa bakin mahaifa. Gajiya kawai suke tara mata a lokacin da take buƙatar ƙarfinta, ga kuma haɗarin faɗuwa.

Kusantar maigida da shafa nono

Tsofaffi kan faɗi wannan a kaikaice, ungozomomi kuma kan faɗa kai tsaye. Dalilin da ake kafawa shi ne akwai furostagilandin a maniyyi. Gwaje-gwajen da aka yi a Malesiya, inda aka shawarci ɗaruruwan ma'aurata su riƙa kusantar juna a ƙarshen ciki, ba su nuna naƙuda ta zo da wuri ba. Duk da haka babu cutarwa ga mai lafiyayyen ciki idan tana so. An hana ne ga wadda faya ta fashe mata, ko take ganin jini, ko hoto ya nuna mabiyiya ta sauko ta tare bakin mahaifa, ko likita ya ce a dakata.

Shafa kan nono kuwa ya fi sauran dabarun gida hujja, domin yana sa ƙwaƙwalwa ta saki oksitosin, kamar yadda ake gani idan jariri na tsotso cikin mai jego ya riƙa murɗawa. Nazarin Cochrane na 2005, wanda ya haɗa gwaji 6 da mata 719, ya nuna waɗanda suka yi hakan sun fi shiga naƙuda cikin kwana uku. Amma ƙarfin nasa ne abin tsoro. Ɗaya daga cikin gwaje-gwajen, wanda aka yi a kan mata masu matsala a cikinsu, dakatar da shi aka yi bayan an rasa jarirai. Saboda haka wadda ke da hawan jini ko ciwon suga, ko aka taɓa yi mata aiki, ko take ɗauke da tagwaye, ko aka ce jaririnta bai girma yadda ya kamata ba, wannan ba nata ba ne. Mai lafiyayyen ciki ma sai ta fara shawartar ungozomar asibiti, ta yi nono ɗaya a lokaci guda, ta kuma dakata da zarar murɗawa ta zo.

Abarba da yaji da miyar yauƙi

Ana cewa abarba na tausasa bakin mahaifa saboda wani sinadari da ke cikinta, amma ɗan abin da ke cikin yanka biyu ko uku ba ya kaiwa ko'ina. Yaji da barkono hanji suke tayarwa, su ƙara wa mai ciki ƙwannafin da dama take fama da shi. Miyar kuɓewa da karkashi da lalo abinci ne masu kyau, a ci a ƙoshi, sai dai yauƙinsu ta hanji yake bi, hanyar jariri kuma dabam take.

Man zurma, wanda ake sayarwa a kemis da sunan kasta oyil, shi ne ya kamata a yi hattara da shi. Maganin wanke ciki ne mai ƙarfi. A gwaje-gwajen da Cochrane ta duba a 2013, duk matan da suka sha shi sai da zuciyarsu ta tashi. Macen da ta kwana tana zawayi za ta shiga naƙuda ruwan jikinta ya ƙare, ba ta da ƙarfin nishi.

Maganin zaƙi da jiƙe-jiƙe

Da wuya a sami Bahaushiyar da ta yi goyon ciki ba a ba ta maganin zaƙi ba, ko a Agege take ko a Sabon Ibadan ko a Mararaba. Fahimtar ita ce kayan zaƙin da mace ta sha kan taru su toshe hanya, don haka sai an zubar da su kafin haihuwa. A wajen likitoci, ruwan da ke zuba kafin haihuwa shi ne ruwan da jariri ke kwance a ciki tun farko, yana kare shi daga bugu, yana kuma hana cibiyarsa matsewa. Majinar kuwa ita ce murfin da ya hana ƙwayoyin cuta shiga mahaifa. Dukkansu kariya ce, kuma da kansu suke fita idan lokaci ya yi.

Akwai wurin da maganar tsofaffi ta taɓa gaskiya. Ciwon suga a lokacin goyon ciki na sa jariri ya yi girma fiye da kima, ruwa ya yi yawa, haihuwa ta yi wuya. Amma da gwajin jini a wurin awo ake gano wannan, a magance shi da gyaran abinci da magani.

Matsalar saiwa da sassaƙe ita ce babu wanda ya san ƙarfin abin da ke cikin kofin. Jiƙon yau zai iya ninka na jiya. Wasu zawo kawai suke sawa, wasu kuwa da gaske suna murɗa mahaifa, kuma idan an sha babu yadda za a rage ko a tsayar. Haka abin yake ga busasshen tsiron nan da alhazai ke kawowa tsaraba daga Saudiyya, wanda Larabawa ke kira Kaffu Maryam.

Turawa ma sun bi ta wannan hanya. Ungozomomin Turai sun daɗe suna ba mata garin wata fumfuna da ke fitowa a kan hatsi don gaggauta haihuwa, likitocin Amurka suka karɓe shi a 1808. Ba a yi shekara ashirin ba, yawan jariran da ake haifa babu rai ya sa wani likita a birnin New York, David Hosack, ya ce garin mutuwa ya kamata a riƙa kiransa. Daga wannan fumfuna aka samo allurar da har yau ake yi wa mata don tsayar da jini, amma sai bayan jariri ya fito.

Allura da ƙwayar kemis

Nan ne haɗarin ya fi girma a biranenmu. Allurar oksitosin da ƙwayar misofurostol, wadda wasu suka sani da sunan Cytotec, magunguna ne masu ceton rai idan jini ya ɓalle bayan haihuwa. Yawaitarsu ta sa sun faɗa hannun masu kemis da masu karɓar haihuwa a gida, suna ba mata tun jariri na ciki.

Lissafin kaɗai ya isa ya tsoratar. Ƙwayar misofurostol da aka fi sayarwa tana da ƙarfin maikurogiram 200. Abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a bayar a lokaci guda don tayar da naƙuda shi ne 25. Wadda aka ba ƙwaya guda ta haɗiye, ta sha ninki takwas ke nan. Hukumar ta kuma ce kada a yi amfani da ita don tayar da naƙuda ga macen da aka taɓa yi wa aikin haihuwa. Oksitosin kuwa, a asibiti cikin ledar ƙarin ruwa ake zuba shi, ana ƙirga ɗigonsa, ana sauraron bugun zuciyar jariri, da an ga murɗawa ta yi yawa a rufe. Wanda aka tsira a cinya ko a ɗuwawu ya tafi ke nan.

Duk lokacin da mahaifa ta murɗa, jinin da ke kai wa jariri iska ta mabiyiya raguwa yake, sai ta saki sannan ya farfaɗo. Idan murɗawa ta wuce sau biyar a cikin minti goma, jariri ba ya samun wannan hutu. Daga nan ake samun wanda ya fito bai yi kuka ba, ko ya rayu da lalurar ƙwaƙwalwa. Idan kuma jaririn a gicciye yake, ko kansa ya fi ƙugun uwa, babu maganin da zai buɗe ƙashi. Mahaifa za ta yi ta matsawa har ta fashe, jini ya zuba a cikin ciki, abin da kan kashe uwa da ɗa cikin ɗan lokaci. Waɗanda suka fi shiga wannan haɗari su ne masu tabon aiki da waɗanda suka haihu sau biyar ko fiye, wato matan da ake ganin sun saba, ba sa buƙatar asibiti. Wadda ta tsira bayan doguwar naƙuda irin wannan tana iya ƙarewa da yoyon fitsari, lalurar da ta sa Gwamnatin Tarayya ta kafa cibiyoyi na musamman a Babbar Ruga ta Katsina da Ningi da Abakaliki.

Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya nuna a duk haihuwa 100,000 a Najeriya ana rasa mata 512, kuma kashi 39 cikin 100 na haihuwa ne kawai ake yi a asibiti. A birane ma, kusan haihuwa huɗu cikin goma ba a asibiti ake yin su ba.

Abin da asibiti ke iya yi

Akwai hanyar da ba ta magani ba wadda ungozoma ko likita ke yi a wurin awo idan ciki ya kai sati 39 zuwa 40. Za ta sa yatsa ta zagaya bakin mahaifa daga ciki don ta ɗan raba jakar ruwa da jikin mahaifar, abin da ke sa jiki ya saki furostagilandin nasa. Akwai ɗan zafi da ɗan ɗigon jini, amma nazarin Cochrane na 2020 ya nuna yana ƙara yiwuwar naƙuda ta zo da kanta, yana rage buƙatar magani. Mai ciki na da damar tambaya ko ya dace da ita. Ba aikin gida ba ne, domin idan mabiyiya na ƙasa yatsa ɗaya zai iya ɓalle jini.

Idan ciki ya cika sati 41 bisa ingantaccen lissafi, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a tayar da naƙuda a asibiti. Dalili shi ne mabiyiya na fara gajiya, ruwa na raguwa, jariri kuma zai iya yin kashi a ciki ya shaƙa. A ƙasar Suwidin an gwada mata 2,760, rabi aka tayar musu a sati 41, rabi aka bar su zuwa sati 42. Dole aka tsayar da gwajin kafin lokacinsa, domin an rasa jarirai 6 a ɓangaren masu jira, ba a rasa ko ɗaya ba a ɗaya ɓangaren. Sakamakon ya fito a 2019. Yawancin jariran da suka haura sati 41 lafiya suke fitowa, amma jiran yana da iyaka.

Mata da yawa na gudun a tayar musu saboda tsoron ƙarshenta aiki ne. Nazarin Cochrane na 2020 da ya haɗa gwaji 34 da mata sama da 21,000 ya nuna waɗanda aka tayar wa ba su fi masu jira shiga ɗakin tiyata ba, sun ma ɗan fi su kaucewa. Masu hawan jini ko ciwon suga, ko wadda fayarta ta fashe naƙuda ba ta biyo ba, likita kan tayar musu tun kafin sati 41.

Alamomin da ba a kwana da su

Mai ciki ta tafi asibiti nan take, ko tsakar dare ne, idan ta ga jini, ko ruwa ya zubo mata ko da babu ciwo, musamman idan kore ne ko yana wari. Haka idan ta ji matsanancin ciwon kai, ko ganinta ya yi dishi-dishi, ko fuska da hannu suka kumbura, domin su ne ke gabatar jijjiga. Zazzaɓi da ciwon ciki mai tsanani wanda ba ya saki su ma ba a jira da su.

Motsin jariri na buƙatar kulawa ta musamman. Ana yawan cewa idan haihuwa ta matso yaro kan yi shiru yana shirin fitowa, kuma wannan magana ta jawo asara mai yawa. Salon motsin kan canja saboda wuri ya matse, amma lafiyayyen jariri na motsi har cikin naƙuda. Idan uwa ta ji ya ragu a kan yadda ta saba, ranar za ta je a saurari zuciyarsa, ba sai ranar awo ba.

Naƙudar gaskiya kuma ana gane ta da cewa ciwon na zuwa a kan tsari, yana ƙara ƙarfi da kusantar juna, ba ya lafawa don an kwanta ko an sha ruwa. Ga mai haihuwar fari, idan yana zuwa duk bayan minti biyar har tsawon awa guda, lokacin tafiya ya yi. Wadda ta saba haihuwa, ko gidanta ke da nisa, ta tashi tun kafin haka. Kunyar ɗan fari al'ada ce mai kyau a wurinta, amma kada ta sa yarinya ta ɓoye ciwo tun daga magariba har asuba.

Rabon maigida da dangi

Mafi yawan abin da ke tura mace wajen mai kemis daga cikin gida yake fitowa: yawan tambaya, da gorin wance ta haihu tun wata tara bai cika ba, da tsoron kuɗin aiki. Maigida ne zai iya tare mata wannan. Ya san ranar da ke kan kati da satin da ake ciki, ya raka ta awo ko sau ɗaya a watan ƙarshe ya ji bayani da kunnensa, ya kuma yi wa iyaye bayanin cikin ladabi, domin su ma don ƙauna suke aiko da magani. Idan ta riga ta sha wani abu, a faɗa wa ma'aikatan asibiti gaskiya, a tafi da ragowarsa ko kwalinsa.

Wanda ke zaune a Legas ko a gefen Abuja ya san abin da cunkoson motoci ke yi da safe da yamma, don haka a tanadi mai mota da lambarsa, a san asibitin da ke aiki dare da rana kuma yake iya tiyata, a nemi ɗan'uwan da zai ba da jini idan an buƙata. Idan maigida matafiyi ne, ya bar izini da kuɗi a hannun wani tun kafin ya tashi. A watan Nuwamban 2024 Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya sanar da shirin yi wa mata marasa ƙarfi aikin haihuwa kyauta a asibitocin da aka zaɓa. Yana da kyau a tambaya a wurin awo ko asibitin da ake zuwa na ciki, da abin da ake buƙata don shiga.

Addu'a kuwa a yawaita ta, a gida da cikin mota da bakin ɗakin haihuwa, babu ma'aikacin da zai hana. Abin da ake roƙo shi ne kada jiran a gama wani jiƙo ko a ga aikin wata allura ya cinye awannin da likita ke buƙata. Hausawa na cewa sauri ya haifi nawa. Allah Ya sauki masu ciki lafiya, Ya raya abin da suka haifa.